Baƙon Baƙo: Tsakanin Karamci da Alkawari

Akwai wata sana'a da ta yaɗu a manyan birane, watau mutum ya gyara gidansa, ya zuba kayan ɗaki, ya riƙa ba da shi haya na kwana biyu ko na mako guda. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 2008, shi ne ya fi shahara wajen haɗa masu gidaje da matafiya ta intanet, kuma irin waɗannan gidaje sun yawaita a Legas da Abuja. To, wannan sana'a ta zo da wata tambaya da ta cancanci mu tsaya mu yi tunani a kanta.

A ce mutum huɗu sun kama gidan Malam Wane na kwana uku domin halartar biki. Da gari ya waye sai mai gadi ya shaida masa cewa mutum tara ne suka kwana, har da mata da yara. Me ya kamata ya yi? In ya yi magana, a ce ya wulakanta baƙo. In kuwa ya yi shiru, ya bari an ci amanarsa yana ji yana gani.

Mai karatu zai ce ai Bahaushe ya riga ya yanke hukunci, tun da ya ce baƙonka annabinka. Gaskiya ne, amma sai mu tambaya: wane ne baƙo a nan? Baƙo shi ne wanda ya yi sallama, aka amsa, aka shimfiɗa masa tabarma da sanin mai gida. Shi karamci kyauta ne, ita kuwa kyauta ba a ɗaukarta a ɓoye. Wanda ya shigo da mutum biyar ba da sanin mai gida ba, ya yi alheri ne da dukiyar wani, sa'an nan ya karɓi godiyar shi kaɗai.

Kakanninmu sun san wannan. A zangunan fatake, kamar na Kumasi da Salaga da unguwar Sabo ta Ibadan, akwai fatoma, wanda ke sauke fataken goro da na shanu, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, ya ci la'ada a kan cinikinsu. Masani Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo, ya nuna cewa fatoma ne ke tsaya wa cinikin bashi tsakanin baƙonsa da masu saye. Wanda zai tsaya wa mutum kuwa, tilas ya san ko wane ne ya kwana a zaurensa. Ashe tambayar mutum nawa ba rowa ba ce, ɗaukar nauyi ne.

Haka abin yake a yau. Yawan jama'a na nufin ƙarin ruwa da man janareta da hayaniyar da za ta dami maƙwabta, kuma in gobara ta tashi, mai gida ne za a tambaya mutum nawa ke ciki. A ranar 31 ga Oktoba, 2019, a garin Orinda na jihar Kalifoniya, sama da mutum 100 suka taru a wani gidan haya irin wannan, aka yi harbe-harbe, mutum biyar suka mutu. A shekarar 2020 Airbnb ya hana shirya casu a gidajen da ake kamawa ta hannunsa, a 2022 kuma ya mai da hanin na dindindin.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani sahabi mai suna Abu Shu'aibu ya dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi (SAW), sai wani mutum ya biyo su. Da suka isa ƙofa, Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wani ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. Mai gida ya yi masa izini. Dubi yadda kowa ya sami hakkinsa: baƙo ya faɗi gaskiya, zaɓi ya zauna a hannun mai gida, shi kuma ya zaɓi alheri.

Sai dai kada mai gida ya ɗauka cewa don yana da gaskiya ya sami ikon yin abin da ya ga dama. Na farko, bai halatta ya yi leƙen asiri ba. Ko Airbnb ma ya haramta kafa kyamara a cikin ɗakuna tun daga ƙarshen Afrilun 2024. Na biyu, ya bambanta wanda ya zo gaisuwa ya tafi da wanda ya shimfiɗa katifa. Na uku, ya kira wanda suka yi ciniki da shi gefe guda, ya tambaye shi cikin mutunci, domin wataƙila mota ce ta lalace wa 'yan uwansa da dare. In gidan zai ɗauke su, a rubuta sunayensu, a biya ƙarin da ya dace, ko ya yafe in ya ga dama. In ba zai ɗauka ba, ya ba su lokacin neman wani masauki. Fitar da mace da goyo kan titi da tsakar dare zalunci ne da ya fi laifin da aka yi masa. Wanda kuwa aka yi wa magana ya ci gaba da ƙarya, shi ne ya warware yarjejeniya da hannunsa.

A ganina, karamci da alkawari ba kishiyoyi ba ne. Alkawari kaya ne a wuyan ɗan haya, sassauci kuwa ado ne ga mai gida, amma ba a yafe abin da ba a sani ba. Mu ɗalibai ma sai mu duba kanmu, domin kusan kowannenmu ya taɓa ɓoye aboki a ɗakin kwanan makaranta ba tare da ya shawarci abokin zamansa ba. Kafin mu buɗe wa wani ƙofar da ba tamu ba, mu fara neman izinin mai ita. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.