Takardun Mutane da Ke Hannunka

 Ɗana, abin da ya sa na rubuto maka shi ne takardun NIN na mutane da kake tarawa a shagonka na POS a nan Ƙaura, kana ɗaukar hotonsu kana tura wa wani ta WhatsApp, wai zai nemo musu tallafi. Mahaifiyarka ta ce da ta yi maka magana, cewa ka yi gwamnati ma ta riga ta watsa sirrin kowa a kasuwa, me ya saura a ɓoye.

Fushin naka ban ga laifinsa ba, ni ma da shi nake kwana. A Disamban 2020, lokacin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wai da haka za a riƙa gano mai bugo waya yana neman kuɗin fansa. Tsofaffi daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka biyo hanyar da ko matashi sai ya yi addu'a yake hawa, suka sha rana a layi, suka dangwala yatsu, aka ɗauki hotonsu. A Satumban 2021 gwamnatin Matawalle ta sa aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu kuwa aka bar mu shiru har wajen ƙarshen Nuwamba. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira. Duk muka haƙura. Har yau ɗan bindiga yana kira daga daji yana ciniki a kan ran mutum, hankalinsa kwance. Pantamin da kansa ya fito a Janairun 2024 yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin. A 2024 ɗin kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta tona wani shafin intanet mai sayar da bayanan mutum a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta kafa hujja. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, ta faɗa, mun ji.

Amma laifi tudu ne, ɗana. Ka taka naka kana hangen na Abuja.

Ka san abin da ake yi da takardar nan? Idan aka haɗa ta da BVN da hoto da lambar waya, asusu ake buɗewa da sunan mai ita a bankunan waya, ko a yi rajistar layi, ko a ci bashi. A Yulin 2025 EFCC ta ce akwai matasa masu sayen irin waɗannan bayanai a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan 5,000. Ranar da kuɗin damfara ko na fansa suka bi ta asusun, aka bi sawu, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Mutuminka na WhatsApp ya canja layi tuni. Sunan da ke jikin takarda shi ne na baiwar Allah nan da ta gudo daga ƙauye da marayu, wadda ko sunanta ba ta iya karantawa. Ta ba ka ne don ta san mahaifinka. Ka kuma san garinmu: in aka kira mutum infoma, ba kullum ake jira a kai shi gaban alƙali ba.

Haka littafin da kake rubuta wanda ya cire kuɗi, da nawa ya cire, da lambar wayarsa, ka bar shi buɗe a kan tebur. Ba sai na gaya maka yadda ake zaɓen gidan da za a shiga da dare ba.

Akwai dokar kare bayanan mutane ma, tun 2023, da hukumarta NDPC. Ta hau kan banki da kamfanin waya, ta hau kan mai shago irinka, kuma tarar ƙaramin ɗan kasuwa tana kai naira miliyan 2. Ba don in tsorata ka na ambace ta ba. Na san nisan da ke tsakanin ofishinta da Ƙaura. Tun kafin a rubuta ta mun san sunan abin da aka damƙa wa mutum ajiya, amana.

Ka tambayi mutumin nan daga wane ofishi yake, ina takardarsa, kuma hakimi ko sakatariyar ƙaramar hukuma sun san da shi? In ya fara kame-kame, ka samu amsa. Ka mayar wa kowa takardarsa hannu da hannu, ka goge hotunan, ka gaya musu kada su karanta wa kowa lambar da ke shigowa wayarsu, ko da ya ce daga banki yake. Waɗanda ka riga ka tura nasu kuma ka raka su banki a duba ko an buɗe wani abu da sunansu. In kunyar fuskantarsu kake ji, ka biyo ta gida bayan la'asar mu tafi tare.