Ɗana, Riƙon Amana Ma Koyonsa Ake Yi

Ɗana, 

Ranar Asabar da na zo ofishin ƙungiyarku na ga abin da ya faranta mini rai, na kuma ga wanda ya hana ni barci. Ban tanka a gaban abokan aikinka ba, don ba a yi wa shugaba gyara a gaban mabiyansa. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, ka karanta kai kaɗai a natse.

Bari in fara da na farin cikin. Shekara huɗu da suka wuce da marayu bakwai kuka fara a zauren gidanku. Yau ga zawarawa a layi suna karɓar kayan abinci, ga yara da sababbin kayan makaranta, ga wata dattijuwa tana sa maka albarka har muryarta na rawa. Da mahaifinka yana raye, Allah ya jiƙansa, da ya yi alfahari da kai. Ni ƙaninsa na yi a madadinsa.

Sai na nemi ganin littafin kuɗi. Ka sunkuya ƙarƙashin tebur ka jawo kwalin taliya. A ciki akwai rasit na siminti da na shinkafa a cakuɗe, da takardun POS da zafi ya cinye rubutunsu suka koma farare fat, da bayan wani ambulan da aka rubuta “kuɗin mota 15,000”, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya karɓa. Akwai kuma littafin rubutu na 'yan makaranta da aka fara cikawa da kyau, aka tsaya tun watan Sha'aban. Da na tambayi inda gudummawar jama'a ke shiga, sai ka buɗe wayarka ka nuna mini alat a asusunka na kanka, wanda albashinka ke shiga, kuɗin cefanen gidanka ke fita.

Duk wannan bai dame ni ba kamar amsar da ka ba ni da na tambayi dalilin da ya sa ba ka je bitar lissafin kuɗin ƙungiyoyi da aka gayyace ku ba. Cewa ka yi, “Baffa, aikin Allah muke yi. Kowa ya san ni, ban taɓa cin sisin kowa ba. Wannan bita ta masu neman kuɗin Turawa ce.”

Na yarda ba ka ci ba. A hannuna ka tashi, na san halinka tun kana kai wa mahaifiyarka canjin aike ba tare da kobo ya yi ciwon kai ba. Amma ka saurari abin da ya faru da ni, don ni ma na taɓa faɗin irin wannan magana.

Ina malamin firamare, shekaruna talatin da ɗoriya, aka naɗa ni ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinmu. Muka tara kuɗi muka gina aji biyu. Washegarin babbar salla aka yi taron shekara a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan dagaci, aka ce in karanta lissafi. Na karanta, sai kuɗin katako da na dako suka ƙi fitowa. Na san na biya, amma ban rubuta ba, rasit ɗin kuma na rasa inda na sa shi. Babu wanda ya kira ni ɓarawo. Wani dattijo ne kawai ya ce, “To, Allah ya kyauta,” ya kaɗe rigarsa ya tashi, mutane suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata bakwai na tsinci rasit ɗin a tsakanin shafukan wani littafina. Ya wanke ni tas. Sai dai a shekarar gudummawa ta ja baya, aji na uku bai ginu ba, yara suka ƙara damina guda suna gudun ruwa daga ƙarƙashin bishiya. Abin da ya mayar da ni aji ke nan, na koyi aikin akanta da dare bayan na tashi daga koyarwa, har ya zame mini sana'ar da na yi ritaya a kanta.

Gaskiyarka tana tsakaninka da Allah, amma mai ba da gudummawa ba ya ganin zuciya. Abin da zai iya gani shi ne rubutu. Kuma addinin da kake wa hidima shi ya fara koya mana haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna aka yi lissafi da shi, da ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa sai Annabi ya hau mumbari ya yi gargaɗi a kan haka. Sayyidina Umar shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali. Wa ya ce maka lissafi kayan baƙi ne?

Abin da ake koyarwa a irin waccan bita da ka ƙi zuwa ba shi da wuyar ganewa, amma ba a haifar mutum da shi. Na farko, kuɗin ƙungiyar agaji gida biyu ne: mai sharaɗi da marar sharaɗi. Wanda ya turo kuɗi ya ce na rijiyar burtsatse ne, ya ɗaure kuɗin nan da igiya. Ko azumi ya kama tukunyar ciyarwa babu komai, ba ka da ikon taɓa su sai ka koma wurinsa ya amince. Kai da bakinka ka gaya mini ka ari kuɗin rijiya ka sayi gero, za ka mayar bayan salla. Niyyarka mai kyau ce, amma haƙƙin mai sharaɗi ka shiga. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa sharaɗin mai wakafi abin kiyayewa ne, zakka kuma tana da gidajenta takwas da aka lissafa a aya ta 60 a Suratut Tauba. In zakka da sadaka da kuɗin rijiya da albashinka suna kwana a asusu ɗaya, da me za ka tabbatar kowanne ya je gidansa?

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai amincewa a kashe kuɗi daban, mai fitar da su daban, mai rubutawa daban. A yanzu kai ne shugaba, kai ne ma'aji, kai ne akawu. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, wanda kuɗi ba sa fita sai mutum biyu sun sa hannu. Kowane biya ya kasance da bauca, a manna rasit a bayanta, takardar POS kuma a ɗauki hotonta a ranar, kafin ta goge. Ƙarshen kowane wata a karɓo bayanin asusu daga banki, a jera shi da leja, a bi layi-layi har su yi daidai. Buhun shinkafa da kwalin magani da aka kawo kyauta su ma dukiya ne, a rubuta shigarsu da fitarsu a littafin sito. Wannan tsari garkuwarka ne. Ranar da wani ya tashi da zargi, takardu za su yi magana kana zaune.

Na uku, ajiyar ko-ta-kwana. Na ji kana alfahari da cewa duk abin da ya shigo a ranar yake fita. Akwai wata ƙungiyar taimakon yara a Landan mai suna Kids Company, wadda ta yi suna ƙwarai, manyan ƙasa suna yabonta. A watan Agusta na 2015 ta rufe ƙofa, 'yan kwanaki bayan gwamnatin Birtaniya ta ba ta fam miliyan 3. Cikin manyan abubuwan da masu bincike suka nuna akwai rashin isasshiyar ajiya da za ta riƙe ta idan masu bayarwa suka ja da baya. A 2021 kotu ta wanke amintattunta daga zargin rashin cancanta, amma yaran da suka dogara da ita sun riga sun rasa wurin zuwa fiye da shekara biyar kafin nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Maraya da ka sa a makaranta ya zama alkawari a wuyanka har ya gama, ko an turo gudummawa a watan ko ba a turo ba.

Sai maganar doka, wadda na lura kun ɗauka ta ƙare ranar da kuka karɓi takardar rajista kuka rataye ta a bango. A ranar ta fara. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta ɗora wa amintattun kowace ƙungiya mai rajista da hukumar CAC nauyi bayyananne. Su adana cikakkun bayanan kuɗi har shekara shida. Su riƙa kai wa hukumar bayanin halin da ƙungiya ke ciki sau biyu a shekara. Su shigar da rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Dokar ta hana a raba dukiyar ƙungiya ga 'ya'yanta a matsayin riba. Sashe na 839 kuma, kamar yadda aka rubuta shi a 2020, ya buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan aka ga alamun almundahana ko rashin iya gudanarwa. Ƙungiyoyin addini da na farar hula da yawa sun yi ƙorafi a kan wannan sashe, kuma suna da hujjojinsu, amma ƙorafi ba ya sauke wa mutum nauyin sanin dokar da ke kansa. In kun je buɗe asusu ma, bankuna kan nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC da ke sa ido a kan halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci. A ƙasar da ta sha wuyar ta'addanci kamar tamu, kuɗin jama'a masu yawa da ke shiga asusun mutum ɗaya ba tare da bayani ba suna iya jawo tambayar da ba ka shirya wa amsa ba.

A nan dole in ɗauki nawa kason. Sunana yana cikin amintattu biyar da kuka rubuta wa hukuma. Shekara huɗu ba mu taɓa zama ba, ban nemi lissafi ba, na bar ka da kaya kai kaɗai ina yi maka addu'a daga nesa. Wannan sakaci ne, kuma na nemi gafarar Allah a kansa. Amintacce ba ado ba ne a saman takarda. Daga yanzu za mu riƙa zama duk wata uku, a rubuta abin da aka tattauna, a amince da kasafin kuɗin shekara kafin a fara kashewa, a kawo odita daga waje ya duba littattafai sau ɗaya a shekara. Maganar shinkafar da kuke saye a shagon surukinka ma za a kawo ta gaban zama. Wataƙila shi ya fi kowa sauƙin farashi, amma a tambayi shaguna uku, kai kuma ka fita waje lokacin da ake yanke shawara.

Ka ce ba ka da lokacin zama a aji. Ɗana, ƙwararrun akantoci ma ba su gama karatu ba. Ƙungiyar ICAN da aka kafa a 1965, da ANAN mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos, dukkansu sun wajabta wa 'ya'yansu ci gaba da halartar bita bayan sun sami lasisi, saboda doka tana canzawa, ƙa'idojin lissafi suna canzawa, hanyoyin zamba ma suna canzawa. Lokacin da na fara aiki da biro da leja muke yi, na yi furfura kafin na koyi shigar da lissafi a kwamfuta, kuma yaron da na haifa ne ya zaunar da ni ya koya mini. Gemu ba ya hana ilimi. Yarinyar nan da na ga tana rubuta sunayen zawarawa da kyakkyawan rubutu, ku biya mata ta shiga jarrabawar ƙananan akantoci ta ATSWA da ICAN ke gudanarwa, wadda mai sakamakon sakandare mai kyau zai iya shiga. Kai kuma bita ta gaba ka je da kanka, ka zauna a gaba, ka yi tambaya. Maganar zakka da wakafi, ga hukumominsu a Kano da Sakkwato da Zamfara, ga malamai, matambayi ba ya ɓata.

Kada kuma ka ji nauyin ware kuɗi kaɗan daga marar sharaɗi don wannan koyo, matuƙar amintattu sun amince kuma an bayyana wa masu bayarwa. Ayar da ta lissafa masu cin zakka ta sa ma'aikatanta a cikinsu, domin tattara dukiyar jama'a da kiyaye ta aiki ne mai cin lokaci da ilimi. Kuɗin da aka kashe aka koya wa ma'aji aikinsa, kuɗin maraya aka tsare da su.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban rubuto don in karya maka gwiwa ba, so nake wannan ƙungiya ta daɗe fiye da ni da kai, ta yadda ranar da ba ma nan wanda ya gaje ka zai buɗe littafi ya gane komai, marayu kuma ba za su ji canjin hannu ba.

Asabar mai zuwa bayan La'asar, in Allah ya kai mu, zan zo da sabuwar leja da fayil biyu. Ka tanadi kwalin nan da bayanin asusunka na banki tun daga farkon shekara, ka kira yarinyar da ma'ajin da za ku zaɓa. Za mu shimfiɗa tabarma mu fara ware rasit wata-wata, na rijiya gefe, na ciyarwa gefe, har mu san nawa ne kuɗin rijiyar da za a mayar.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mutuncinka, ya karɓi aikinka, ya sa ranar babban lissafi littafinmu ya zo mana ta hannun dama.

Baffanka.