Da Tsohuwar Zuma Ake Magani?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wadda nake ganin ya dace in baje ta a gaban 'yan'uwana marubuta. Idan makaɗa suka yi shekaru a tare, sannan suka watse da ɓacin rai, bayan an kwana biyu kuma wani dalili ya sake haɗa su, shin wajibi ne su fara tono abin da ya raba su kafin a ɗaure ganga, ko kuwa su binne shi su kama kiɗa?

Ba haka kawai tambayar ta faɗo mini ba. A 2019 aka ba Rano sarki mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe masarautar, sannan aka dawo da ita a daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. A ɗan tsakanin nan hidimar hawa da naɗe-naɗe ta yawaita, aka shiga neman makaɗa. To, a wani ƙauye can gefen Kibiya na san wasu dattawa huɗu masu kalangu da suka rabu tun ina ɗan makaranta, saboda rabon kuɗin wani biki. Sai ga su bayan isha'i a zaure ɗaya suna bitar tsofaffin waƙoƙinsu, ɗaya ya bar gonarsa, ɗaya ya rufe teburinsa na kasuwa.

Maganar hannu mai sauƙi ce, domin kuwa hannu yana da tuni. Alal misali, ƙungiyar Orchestra Baobab ta birnin Dakar, wadda aka kafa a 1970, ta watse a 1987 lokacin da sabon kiɗan su Youssou N'Dour ya kwashe mata 'yan kallo. Mai kaɗa mata jita, Barthélémy Attisso, ya koma Togo ya ci gaba da aikin lauya. Da aka kira su a 2001, sai da ya zauna ya sake koya wa yatsunsa abin da suka manta, kuma a 2002 suka fitar da sabon faifai. Amma a lura, waɗannan kasuwa ce ta raba su. Tagwayen nan na P-Square kuwa, da suka tashi a Jos, sun rabu a 2017, suka rungumi juna a 2021 duniya na tafi, a 2024 suka sake ɓarewa, maganar kuɗi tana tsakiyar rigimar. Ciki ɗaya suka fito, duk da haka runguma ba ta biya bashi ba.

A wajenmu abin ya fi haka nauyi, saboda yadda ƙungiyar kiɗa take tun asali. Sunan mutum ɗaya take ɗauka. Kowa ya san Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, amma mai karatu ya gwada lissafa 'yan amshinsu ya ga ko zai cika yatsun hannu ɗaya. A al'ada doki da riga da mota na uban kiɗi ne, abin da aka liƙa kuma shi ke kasafta shi. Saboda haka idan aka ce da tsofaffin abokai a yafe a wuce, yawanci mutum ɗaya ake nufi, wato ƙaramin, wanda aka danne. Yafiyar da aka karɓa daga mutumin da ke neman abin cefane, ni dai ban iya kiranta yafiya ba.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta su ma suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Dattawan nan ba su taɓa shiga gidan rediyo ba, waƙoƙinsu ba sa kan kaset, a kawunansu kaɗai suke, kowa da ɓangaren da ya riƙe. Uban kiɗi yakan ja baiti ya kakare, ɗan amshi ya ƙarasa masa. In aka tsaya shari'ar kuɗin da aka kashe shekara talatin baya, wani ya yi fushi ya tashi, waƙar ta tafi ke nan, mu da muke fafutukar rubuta adabin baka mu wayi gari hannu rabbana.

Duk da haka ina ganin tsoron nan bai isa ya sa a yi shiru ba. Ba a bukatar a kawo lissafi kwabo da kwabo, ai ma ba mai iya tuna shi. Abin da ake bukata shi ne babban ya buɗe baki a gaban sauran ya ambaci abin da ya faru da sunansa, sannan a yanke yadda rabon gobe zai kasance tun ba a taɓa ganga ba. Dattawan Kibiya sun yi na biyun: kashi biyar, uban kiɗi biyu, sauran ɗaya-ɗaya. Na farkon har yanzu ba wanda ya tayar, kuma ɗan amshin da aka cuta shi ke riga kowa zuwa zauren.