Wurin ninkaya a bayan gida: na ka ne ko na banki?

Mai karatu, ka san irin gidan nan da mu ke gani a finafinan mu. Jarumi ya fito cikin farar shadda, ya zauna bakin wani shuɗin ruwa a bayan gida, jaruma ta zagayo da lemo a faranti, sai waƙa ta tashi. A littattafan soyayya ma haka ne, da wuya ka ga gidan Alhaji babu wurin ninkaya. Abin da ba a nuna maka shi ne, sau da yawa gidan na aro ne ko otal. Da darakta ya ce a tsaya, kowa sai ya kama gaban sa.

Abin da ya tuno min da wannan, wani aboki na ne ɗan Malisa, can ƙasar Gwandu, wanda Allah ya ɗan buɗa wa. Ya gina gida a garin su, yanzu kuma wai banki zai je ya ciwo bashi ya haƙa irin wannan ruwa a baya. Na ce masa, "Malam, lafiya?" Ya ce zafin watan Afrilu a Kebbi ya kan haura digiri 40, yaran sa su na zuwa rafi ya na tsoron su nutse, kuma shi zai biya, ba ni ba.

Gaskiya hujjar sa ba ta banza ba ce. Jin daɗi ba zunubi ba ne, talauci ma ba ado ba ne. Da kuɗin aljihun sa ne, da bakin nan nawa ya mutu.

To amma bashi fa? Wanda ya ci bashi, gumin sa na baɗi da na baɗin waccan ya jinginar, alhali bai san ko zai kai ba. Shi ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ya ce ai akwai bankunan da ba su karɓar kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Haka ne, wannan ya raba ka da riba. Bai raba ka da ƙarshen wata ba.

Duba nan Kebbi. A Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance. Wannan bashi ne mai haihuwa: a shuka, a girbe, a biya. Duk da haka biyan sa ya zo da gardama. To ina ga ramin da ba ya haifar komai sai ci? Injin tace ruwa, magani, fetur na janareto, duk wata.

Ni ma ba kuɗin ne su ka fi tsaya min a rai ba, ruwan ne. Ɗauki rami mai tsawon mita 8, faɗi 4, zurfi ɗaya da rabi. Lita 48,000 kenan, wato jarka 1,920 mai cin lita 25. Idan kurar ɗan garuwa na ɗaukar jarka 12, sawu 160 zai yi kafin ya cika shi. Ka ga katanga ɗaya ce tsakanin wannan ruwa da yarinyar maƙwabci da ke zarya rijiya da bokiti a ka. Doka ba ta hana ba, na sani. Sai dai a ƙauye kowa ya san kowa, kuma da safe a masallaci ɗaya za a haɗu.

Mu ma 'yan fim da marubuta mu na da namu kason, don mu mu ka koya wa mutane cewa ba ka isa ba sai da shuɗin ruwa a bayan gida, ba mu taɓa nuna ranar da wasiƙar banki ta iso ba.

Na ce wa abokin nawa, tunda dole sai ya haƙa burtsatse kafin ramin ya cika, ya fara da ita, ya fito da famfo ɗaya waje, ramin kuma ya jira kuɗin sa. Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara da uwargida.