Cokali Ɗaya

Duba kwandon wanke-wanke na kowane gida a unguwar Babban Giji da ke Kano, za ka ga cokula iri-iri: mai zurfi na cin shinkafa, ƙarami na juya shayi, na roba da aka samu a gidan biki. Da wuya ka sami biyu da cikinsu ya zo ɗaya. Idan sukari ake ɗiba, babu wanda ya damu. Abin tsoron shi ne da waɗannan cokulan ake ɗura wa yara magani, bayan an ce wa uwa a kemis ko a asibiti, "Ki ba shi cokali ɗaya, sau uku a rana."

Cokalin da masu haɗa magani suke nufi mil 5 yake ɗauka. Na gida kuwa wani bai kai mil 3 ba, wani ya haura 7. Ɗauki farasitamol na ruwa, wanda kusan babu ɗakin mai goyo da ba a ajiye shi ba. A yawancin kwalaben akwai miligiram 120 ko 125 a cikin mil 5, kuma ana lissafa wa yaro kusan miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150 ke nan, wato wajen mil 6. A ba shi da ƙaramin cokali, zazzaɓi ya ƙi sauka, uwa ta ce maganin jabu ne ta ƙara wani a kai. Akwai kuma na ɗigo da ake yi wa jarirai, mai miligiram 100 a mil ɗaya tak. Wanda ya cika cokalin mil 5 da shi ya bai wa jariri ƙwayar babban mutum sukutum, kuma hanta ce take ɗaukar wahalar, sau da yawa ba a ganin alama sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ba nisa daga unguwar, a kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, mutane suke ce masa Asibitin Malam. A sashen yara na asibiti irin wannan, lissafi daga sikeli yake farawa. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika gadaje, allurar atesunet ce ake yi wa wanda ciwon ya tsananta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 2.4 a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo ake ba shi. Kwalbar mai miligiram 60 gari ce, sai an narkar da ita an tsinka ta zama mil 6 idan ta jijiya za a bayar, kowane mil na ɗauke da miligiram 10. Yarinya mai kilo 12 tana buƙatar miligiram 36, mil 3.6 ke nan. Nas za ta yi wannan lissafin da tsakar dare, ga kukan yara, ga wata uwar tana kiranta, sannan ta maimaita bayan awa 12 da bayan awa 24. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, kuma ina ganin ba a faɗarsa yadda ya kamata.

Ɗigon da ke tsakanin 3 da 6 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya ɓace a rubutun gaggawa, magani ya ninku sau goma. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai su rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kuma su tsaya su tabbatar da mara lafiyar, da maganin, da adadin, da hanyar bayarwa, da lokacin. Nas ɗin da ta ga rubutun likita bai fita ba ta koma ta tambaye shi, ko ta kira abokiyar aikinta su sake lissafin tare, ba gazawa ta yi ba. Matambayi ba ya ɓata. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami a kan kurakuran magani, ta ƙiyasta asarar da suke jawowa a duniya da dala biliyan 42 a shekara.

Sai dai duk wannan taka-tsantsan yana iya zubewa a bakin ƙofa ranar sallama, idan magana ta ƙare da "cokali ɗaya". Daga nan uwa ce nas, ita kaɗai a ɗakinta, wataƙila ba ta karanta rubutun jikin kwalba. A ganina aikin bai kammala ba sai an miƙa mata sirinji marar allura ko murfin awo, an ja mata layi a daidai inda za ta tsaya, an ce, "Hajiya, ja ki nuna mini." Sau uku a rana ma a fassara mata shi da lokutan da ta sani: bayan asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya. A faɗa mata nauyin ɗanta a rubuta a kati, a kuma gargaɗe ta kada ta auna wa ƙaninsa da wannan layin, domin na yaro mai kilo 12 ne.