Kafin ka sayar da lambun da kake nomawa

Ɗana, da damina ta ja baya, za ka shiga neman kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa, kuma a daidai lokacin ne wani mai hali zai zo maka da shawara mai daɗin ji. Zai ce ka sayar masa da lambun albasarka, ya ba ka kuɗi a dunƙule, kai kuwa ka ci gaba da noma kana biyansa haya duk shekara. Ba za ka gusa ko taku ɗaya ba. Rijiyarka tana nan, kwamin da ka ja da hannunka suna nan, masu wucewa kan hanyar Keita ma ba za su san an yi ciniki ba. Sunan da ke kan takarda ne kawai ya sauya, kuma ina roƙonka kada ka raina wannan sauyin.

Ban ce dabarar haramun ce ko wauta ba. Manyan kamfanoni na yin ta. A 2014 kamfanin MTN na Najeriya ya miƙa turakun sadarwarsa sama da 9,000 ga hannun kamfanin IHS, ya karɓi kuɗi, ya koma yana hayar turakun nan. Ya samu jarin faɗaɗa aiki. Sai dai an ɗaure wani kaso na hayar da farashin dalar Amurka, da naira ta faɗi a 2023 sai nauyin ya yi tsalle. A shekarar 2023 ɗin MTN ya yi asarar naira biliyan 137, sai a watan Agusta na 2024 ya samu aka sassauta masa sharuɗɗan. Wannan fa kamfani ne mai lauyoyi da akantoci. Kai wa zai zauna ya sake maka lissafi ranar da buhun albasa ya karye a kasuwar Galmi, ko ruwa ya cinye kwarin?

Haya ba ta san shekarar asara ba. Yau in amfani ya lalace, ka rasa wahalarka amma ƙasa na hannunka. Gobe in ka sayar, ka rasa wahalarka, ga kuma mai fili tsaye a ƙofar gida. Ka tuna kuma ƙasar Adar ba ta arha kamar da. Tun da aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, an farfaɗo da faƙo mai yawa, an datse ruwa a kwaruruka, jama'a kuma sai ƙaruwa take. Duk darajar da filin zai ƙara nan gaba ta mai saye ce, 'ya'yanka ba su da ko dala a ciki.

Akwai wata dabarar da ta fi damuna. Wani zai ce maka: «Ai ba sayarwa ce ta gaske ba, ranar da ka kawo kuɗina ka karɓi abinka.» To, wannan bashi ne aka sanya masa rigar ciniki, hayar da kake biya kuwa ita ce ribar bashin. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da hana sayarwa bisa sharaɗin mayarwa, domin rance ne da ya jawo amfani; je ka tambayi liman kafin ka karɓi ko jika guda. Turawa ma sun yi irin tasu: kamfani ya sa a kafa wani ƙaramin kamfani, shi ya ci bashin banki ya riƙe gini, uban gidan kuma ya rubuta haya a littafinsa don kada a ga bashin. Bayan rushewar Enron a Amurka a 2001, wanda ya ɓoye basussuka ta hanyar ƙananan kamfanoni, aka tsaurara doka, kuma tun 2019 ƙa'idar lissafi ta duniya ta wajabta a nuna doguwar haya a matsayin nauyi a kan mai biyanta.

In har ta kama dole ka sayar, fara da abin da ake iya maye gurbinsa. Injin niƙa, babur ko amalanke, in sun tafi wata rana ka sayi wasu. Kuɗin kuma su shiga aikin da ribarsa ta zarce hayar, ko a shekara mai rauni. Kada su tafi a biki ko kuɗin motar ci-rani. In kuwa filin ne, kira 'yan'uwanka na gado tukuna, har da mata, har da waɗanda ke Abijan ko Kano. Sannan ku je gaban maigari da hukumar filaye, wato Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. A rubuta ko jingina ce ko sayarwa, shekara nawa za ka yi kana noma, nawa ne hayar, da kuɗi za a biya ko da buhu, wa zai gyara rijiya in ta rufta, da abin da zai faru in mai sayen ya rasu ko ya sayar wa wani. Kowa ya riƙe kwafinsa da sa hannun shaidu.