Ciyawar da Ba Wanda Ya Shuka

'Yan'uwa, da wuya mutum ya sare itacen maƙwabcinsa bai ji nauyi a zuciyarsa ba. Amma wanda ya cinna wa daji wuta da kaka domin ya kama gafiya, ko ya nome burtali, barcinsa yake yi lafiya lau. Hujjarsa ita ce, ba wanda ya shuka ciyawa. To, abin da ba a shuka ba, in an hallaka shi, ba a zalunci kowa ba ke nan?

Kada mu da ke birni mu ce ba ruwanmu. Fagge kanta fage ce a dā, inda ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa. Yau siminti ya rufe ta, amma naman da muke saye a kasuwar Sabon Gari da nonon da muke dama fura da shi, duk ciyawa ce ta sake kama.

Ku dubi gamba. Saniya ta ci kanta, ta sake tohowa, gama ranta yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyinta ne ke riƙe ƙasa, su kuma buɗe wa ruwan sama hanyar nutsewa. In aka tumɓuke su, iska ce ke gadon wurin. A Amurka manoma sun nome manyan filayen ciyawa domin alkama. Da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasar gonakinsu ta tashi sama, ta rufe rana, dubban iyalai suka yi ƙaura.

A nan Arewa an kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan ne daga cikinsu aka tabbatar a hukumance, gonaki da gine-gine kuwa sun cinye da yawa. Manomin da ya shiga burtali ba mugu ba ne, bakunan gidansa ne suka ƙaru. Duk da haka, a ganina ya ɗauki abin wani: na makiyayin da zai rasa hanya ya ratsa gona, har a kai ga zubar da jini, da na jikan manomin kansa, wanda zai gaji rairayi. Shi jikan nan ba shi da bakin kai ƙara, don ba a haife shi ba tukuna.

Mun saba ganin manya suna dashen itatuwa da damina, ana tafi. Ban taɓa jin an tara jama'a domin ciyawa ba.